A Buɗe Mana Rumbun Tsofaffin Shirye-shiryen Talabijin

Iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a mujallarmu ta bana wani abu ne da ya faru a gidanmu lokacin dogon hutun da ya wuce, wanda har yau bai bar raina ba.

Wata rana da dare bayan sallar isha'i an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida bisa tabarma muna shan iska, sai yayana da ke latsa wayarsa ya ci karo da wani guntun wasan Samanja wanda wani bawan Allah ya ɗora a YouTube. Ni dai sunan kawai na sani. Amma muryar na tashi, sai ga babanmu ya fito daga ɗakinsa ko takalmi babu, yana cewa, "Kai, wa ya kunna Samanja a gidan nan?" Kakarmu kuwa, mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, ta ce a matso mata da abin kusa domin idonta ya yi rauni. Haka muka haɗa kai mu bakwai a kan 'yar wayar nan da ba ta fi tafin hannu ba. Hoton duk ya dusashe, fuskokin mutane kamar an wanke su da ruwa, murya kuma kamar daga cikin rijiya. Duk da haka babanmu ya yi dariya har da hawaye, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ba a fi minti bakwai ba, ana tsakiyar rikici, sai abin ya tsaya cik.

Iya ta dube ni, da yake ni ne jikan da take wa wasa, ta ce, "To mai gidan, ina sauran?"

Na ce, "Iya, iyakarsa ke nan."

Ta ce, "A'a, ba a nan ake tashi ba. Ku nemo sauran."

Muka nema har cajin wayar ya ƙare ba mu samu ba. Daga nan ita ta ɗauka, ta ƙarasa mana labarin da ka, ta kuma zarce da ba mu labarin yadda marigayi kakanmu ya sayo akwatin talabijin mai ƙofar katako, da yadda yaran unguwa kan cika zaure tun da la'asar suna jiran a buɗe tasha, domin a zamanin nan ba a kwana ana watsa shiri, sai yamma ake farawa, da dare a rufe da taken ƙasa. A daren nan na ji labarin kakana fiye da duk abin da na ji a shekaru goma sha shida da na yi a duniya.

To, tambayar nan ta Iya ita ce tawa. Ina sauran? Ra'ayina shi ne, Hukumar Talabijin ta Ƙasa, watau NTA, da gidajen talabijin na jihohi, su kwashe duk tsofaffin shirye-shiryen da suka rage a ma'ajiyarsu, su juye su cikin kwamfuta, su sake su ga jama'a yadda kowa zai kalla a gidansa lokacin da ya ga dama. Kuma a yi shi yanzu, domin abin ba ya jira.

Kada a ɗauka ɗan abu kaɗan nake magana a kai. Talabijin ya daɗe a ƙasar nan. An buɗe tashar farko a Ibadan a shekarar 1959, tun kafin a sami mulkin kai, ta Kaduna kuma ta biyo baya a 1962. A 1977 aka kafa NTA ta haɗe tashoshin da ke akwai a ƙarƙashin inuwa guda, daga baya kuma jihohi suka sake buɗe nasu, kamar CTV ta Kano wadda yanzu ake kira ARTV. Ku lissafa da kanku, fiye da shekara sittin ke nan ana ɗaukar hoton mutanen ƙasar nan suna magana, suna wasa, suna waƙa, suna hawan salla, suna muhawara. A cikin wannan akwai wasannin Hausa da iyayenmu ba sa gajiya da ambato, irin su Samanja Mazan Fama, da Karambana, da Kuliya Manta Sabo, da Ɗan Magori, da Karkuzu na Jos. Akwai kuma na Turanci da duk ƙasa ta kalla tare, irin su Village Headmaster da Cock Crow at Dawn. Har littafin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda muke karantawa a aji, an mai da shi wasan talabijin a Kaduna a shekarun 1980. Ranar da malaminmu na Hausa ya faɗa mana haka, ajin ya kaure da "Malam a nuna mana!" Malam ya yi murmushi kawai ya ce mu buɗe shafi na gaba.

Wa ya biya kuɗin yin waɗannan shirye-shirye? Gwamnati ce, gwamnati kuwa da dukiyar jama'a take aiki. Watau kakana da kakanku su suka sayi na'urar ɗaukar hoton, su suka biya albashin mai riƙe ta. Saboda haka gidan talabijin mai ajiya ne, mai kayan kuwa jama'a ce. Idan mutum ya ba ka ajiyar hatsi, ka kulle rumbu, shekara ta zagayo ya zo yana jin yunwa, ai ba ka ce masa sai ranar da ka ga dama za ka ɗebo masa mudu guda ba. Na san wasu tashoshi kan maimaita tsohon shiri jefi-jefi, kuma muna godiya. Amma wannan mudu guda ne, kuma a lokacin da mai tasha ya zaɓa, wataƙila lokacin babu wuta a unguwarku, mu kuwa 'yan makarantar kwana muna ajin karatun dare.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wannan hatsi ba irin mai daɗewa ba ne. Da muka dawo makaranta na tambayi malaminmu na kimiyya yadda kaset yake riƙe hoto. Ya bayyana mini cewa zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu, aka manne shi da wani irin danƙo. In kaset ya daɗe a wuri mai zafi da raɓa, danƙon nan yakan sha danshi ya yi yauƙi, zaren ya manne da juna, funfuna ta hau shi. Ranar da aka sa shi a na'ura sai garin ya kankare, hoton ya tafi ke nan har abada. Ku tuna da irin zafinmu na bazara, da danshin damina, da ƙurar hunturu, sa'an nan ku tuna na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki sai da wuta. Bugu da ƙari, ko kaset ɗin yana da rai, sai an sami na'urar da za ta karanta shi, alhali kuwa kamfanoni sun daina ƙera su. Kamfanin ƙarshe da ke yin na'urar bidiyo ta VHS, wani kamfani a Japan, ya daina a 2016. Waɗanda suka iya gyaran irin waɗannan na'urori kuwa yawancinsu sun yi ritaya.

Mutanen da ke cikin hotunan su ma tafiya suke yi. Alhaji Ƙasimu Yero, wanda ya yi Karambana, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn da Magana Jari Ce, ya rasu a 2017. Alhaji Usman Baba Pategi, Samanja kansa, ya rasu a 2023. Allah ya jiƙansu da rahama. Wannan ba maganar baƙin ciki ba ce kaɗai, magana ce ta aiki. In aka buɗe kaset wanda takardar jikinsa ta goge, wa zai ce wannan wane ne, a wace shekara aka ɗauka, a wane gari? Sai wanda ya ga zamanin. In muka jira shekara ashirin nan gaba, ko an sami hoton, za a same shi kurma ne, ba mai iya gabatar da shi.

Bari in ba ku wani labari da ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni haushi kaɗan. Gidan rediyo da talabijin na BBC a Ingila, duk da kuɗinsa da iliminsa, ya yi shekaru yana goge kaset-kaset ɗinsa domin ya sake ɗaukar sabon shiri a kansu, saboda kaset na da tsada a lokacin, kuma ba wanda ya zaci za a nemi tsohon shiri. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 suka farga suka daina. Cikin abin da suka rasa har da kashi da yawa na wani wasansu mai suna Doctor Who. To, da yake a da sukan sayar wa tashoshin ƙasashen waje kwafin shirye-shiryensu, sai masu son wasan suka bazama duniya suna nema. A shekarar 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai suna Philip Morris ya gano kashi tara da suka ɓace, na shekarun 1967 da 1968, a cikin gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin. A ina? A Jos! Aka kai su Ingila aka gyara, nan da nan aka fito da su a intanet da faifan DVD, mutane suka yi ta saye suna kallo a gidajensu.

Ku duba fa. Mutum ya taso tun daga Ingila ya zo ya share ƙurar ɗakin ajiyarmu domin neman kayan gidansu. Mu masu ɗakin, wa muka aika ya duba namu? In har fim ɗin Turawa ya yi shekaru masu yawa a Jos bai mutu ba, wa ya san abin da ke kan kantar da ke kusa da shi?

Kada kuma a ce aikin ya fi ƙarfinmu, domin an taɓa yi da kayanmu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano shi cikin tsofaffin gwangwanaye, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta ƙasar Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Muna kuma da ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos. Faransa kuwa tun 2006 hukumarta mai adana shirye-shiryen rediyo da talabijin, wadda ake kira INA, ta buɗe dubban tsofaffin shirye-shirye a intanet domin kowa ya gani. Hanya dai a share take.

Na yi wannan magana da abokaina a ɗakin kwana, kuma ba duka suka yarda da ni ba. Wani abokina, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada ya hana ni garin kwakinsa, ya ce, "Kai dai ka cika son tsohon abu. Wa zai bar fina-finan zamani masu kyan hoto ya zauna kallon baƙi da fari?" Na ce masa ya zo gidanmu ya ga mutum bakwai a kan waya guda. Amma gaskiya amsar ta wuce nan. Waɗannan shirye-shirye ba dariya kaɗai ke cikinsu ba. A cikin minti bakwai ɗin nan na ga irin ɗinkin riga da ɗaurin ɗankwali na zamanin, na ga kujeru da kwanonin da yanzu sai a ɗakin tsofaffi. Na kuma ji Hausa iri biyu, ta mutanen gari da kuma Hausar bariki wadda Samanja ke cakuɗawa da Turanci, irin ta sojojin da suka fito daga ƙabilu dabam-dabam suka haɗu a kan harshe guda. Shi kansa Alhaji Usman Banufe ne daga Pategi ta Jihar Kwara, kuma tsohon soja ne, ga shi ya zama ɗan gida a kowane zauren Bahaushe. A darasin tarihi ana faɗa mana cewa Hausa ta zama harshen bariki da kasuwa, mu rubuta, mu haddace, mu manta bayan jarrabawa. Da an nuna mana kashi guda na wasan nan, da ba mu manta ba.

Magana ta biyu ta fi nauyi, kuma babana ne da kansa ya kawo ta. Ya ce ƙasar da makarantunta ke neman kujeru, asibitocinta ke neman magani, ina ta ga kuɗin wanke tsohon kaset? Ban iya ba shi amsa a take ba, don ba a musu da uba, kuma maganarsa gaskiya ce. Mu da muke cin abincin makarantar kwana mun fi kowa sanin cewa kuɗin gwamnati ba ya isa ko'ina. Amma na yi tunani daga baya. Ginin aji in ba a yi bana ba, ana iya yi baɗi, ƙasa da siminti ba za su gudu ba. Kaset in ya mutu bana, ko an tara kuɗin duniya baɗi ba a dawo da shi. Sa'an nan aikin ba gini ba ne, haƙuri ne. Kaset na awa guda yana cin awa guda wajen juyewa. Na'ura guda da ma'aikaci guda, awa takwas a yini, kwana biyar a mako, sun juye awa 40 a mako, watau wajen awa 2,000 a shekara. In kowace tasha ta ware mutum biyu da na'ura biyu, ta fara da kaset ɗin da ya fi tsufa, cikin 'yan shekaru an ci ƙarfin aikin. Kuma abin zai iya ciyar da kansa, domin kamfanonin da ke biyan kuɗin talla a tsakiyar fina-finan yau ba za su ƙi biya a gaban Samanja ba.

A nan ne zan yi wa masu iko wani kashedi, ko da yake yaro ne ni. In kuɗi ya shigo, a tuna da waɗanda suka yi wasan. Sau nawa muke jin an ce tsohon ɗan wasa kaza yana kwance ba lafiya ana neman taimako? Ba daidai ba ne mu yi dariya da fuskar mutum a falonmu alhali iyalinsa ba su da na cefane. A rubuta sunan kowa a jikin shirin, a ware wa masu rai rabonsu, waɗanda suka rasu a ba magadansu. Yanzu da guntayen ke yawo a intanet ba bisa ƙa'ida ba, ko sisi ba ya isa gare su. Fitar da shirye-shiryen ta hanyar hukuma shi ne zai ba su haƙƙinsu, kulle su kuwa ba ya amfanar kowa sai gara da funfuna.

Akwai kuma masu cewa wasu tsofaffin shirye-shiryen na zamanin mulkin soja ne, cike da yabon gwamnatin lokacin, wasu kuma suna da barkwancin da yau ba za a so ba. Haka ne. To, sai a rubuta shekarar a gaban shirin, mai kallo ya san da zamanin da yake magana. Mu ɗalibai ba jarirai ba ne. In ana so mu san yadda ƙasar nan ta zo inda take, sai a bar mu mu ga labaran da aka karanta wa iyayenmu da dare, mu kwatanta da abin da ke cikin littafinmu na tarihi.

Game da yadda za a sake su, ina roƙon a tuna da talaka. In aka ce sai a intanet kaɗai, kuma sai mai katin banki, to an fitar da su daga wani rumbu an sa a wani. Iya ba ta da waya mai hoto, kuma kuɗin data ba wasa ba ne. A ɗora su a intanet kyauta ga mai iyawa, amma a kuma ba da izini a riƙa tura su cikin katin waya a kasuwa a kan kuɗi kaɗan, yadda ake tura waƙoƙi da karatu, domin ta wannan hanya ce kallo ke isa ƙauye. A kuma aika wa kowace makarantar sakandare da nata kwafin. A nan makarantarmu, daren Asabar in an sami man janareta akan kunna mana fim a ɗakin cin abinci, kusan kullum na Indiya ko na Amurka, mu yi ta ihu ba tare da mun ji rabin abin da ake faɗa ba. Ban ƙi su ba, ni ma ina cikin masu ihun. Amma ko sau ɗaya a wata a ba mu namu.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga iyayenmu da za su karanta wannan mujalla. Ba a gidan talabijin kaɗai ajiyar take ba. A shekarun 1980 da 1990 mutane da yawa masu na'urar bidiyo sun riƙa ɗaukar shiri daga talabijin a kan kaset ɗinsu na gida, kuma irin wannan ne ya ba mu minti bakwai ɗin da muka kalla. Wataƙila akwai irinsa a ƙarƙashin gadonku, ko a cikin tsohuwar adaka, tare da kaset ɗin bikin aurenku. Don Allah kada ku zubar, kada ku ba yara su ja zaren su yi wasa da shi, kada kuma ku gwada shi a tsohuwar na'ura mai tsatsa domin tana iya cinye shi. Ku sa shi a wuri mai sanyi marar danshi, a tsaye kamar littafi, ku rubuta abin da kuka tuna yana ciki. Ƙungiyarmu ta Hausa ta yarda za ta buɗe littafi ranar ziyarar iyaye mai zuwa, a bakin ɗakin karatu, domin rubuta sunan kowane shiri da wani yake da shi a gida, sa'an nan mu haɗa da wasiƙa mu aika wa gidajen talabijin ta hannun shugaban makaranta. Wanda kuma yake da Samanja cikakke, wanda aka fara daga farko har aka tashi, ya taimaka ya neme ni a aji biyar, domin na yi wa Iya alkawarin zan zo mata da sauran in an yi hutu.